Uwargida, Kada Ki Yarda a Yanke Wayar Nan ta Injinki

 Yau ba girki za mu yi ba, ba kuwa zancen raino ba. A kan inji za mu tsaya, kuma ina roƙo kada wata ta juya shafi ta ce wannan ai na maigida ne. Duk wadda ta san Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ta san hantsi ba ya dubawa sai ƙarar injin markaɗe ta tashi a unguwa, yara sun jera robobin wake da na tattasai a zaure. Da yawa cikin injunan nan na mata ne. Wata da kwasar adashi ta saya, wata awakinta ta sayar, wata kuwa gadonta ta zuba. Haka nan janareton da ke riƙe da firjin mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. To, abin da mace ta sa jarinta a ciki, ai ya kamata ta san cikinsa.

Tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, har aka koma PHCN a 2005, har KEDCO ta karɓi rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a 2013, mai sana'a ba ta iya dogara da wutar layi kaɗai. Daɗa tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kayan gyara su ma suka yi ta hawa. Yanzu idan inji ya buga, ba kowace mace ke iya tayar da shi ba. Wata daga nan sana'ar ta tsaya ke nan.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Da safe a ja igiya, inji ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi ya yi ɗan gurnani ya mutu. Masu markaɗe na jira, mai ƙosai ta aiko sau biyu. Sai a kira yaron makanike. Ya duƙa, ya laluba wata siririyar waya rawaya a gefen inji, ya zare ta, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Ya ce, "Hajiya, sansa ce ke ba ki wahala, na cire miki ita." A biya shi, har a sa masa albarka. Bayan wata guda ko biyu, ana tsakiyar aiki sai a ji ƙwas, ƙwas, inji ya tsaya cak, igiya ma ta ƙi jawuwa. Wannan shi ne bugawar inji. Kuma wayar nan da aka zare, aikinta ke nan hana wannan rana zuwa.

Moɗa a cikin randa

Ƙananan injunan fetur da muke aiki da su, na markaɗe da na janareto da na ban ruwa irin waɗanda masu noman rani ke kafawa a bakin madatsar Sabke da ta Daberam, yawancinsu tsari ɗaya ne. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da jerin injunan da ake kira GX a 1983, daga baya masana'antun ƙasar Sin suka yi ta ƙera irinsu, su ne za ki ga an rubuta 168F a jikin wasu. Irin wannan inji ba shi da famfon da ke tura baƙin mai. Wani ɗan ƙarfe ne kamar cokali a ƙasan sandar fistin yake tsoma kai cikin mai yana watsa shi sama, ya jiƙa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Janareto yana juyi 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 kowace daƙiƙa. Idan mai ya yi ƙasa har cokalin nan bai kai gare shi ba, ƙarfe zai ci ƙarfe a wannan gudu, ya yi zafi, ya narke, ya kama. Ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo.

Man kuma ba shi da yawa. Ƙaramin inji irin GX160 wajen lita 0.6 yake ci, watau ledar ruwan sha guda da ɗan ƙari. Babba irin GX390 lita 1.1 ne. Ki duba ki gani, in an rasa rabin kofi cikin wannan, ai an rasa abu mai yawa.

Saboda haka aka sa masa mai gadi. Honda ta sa wa nata suna Oil Alert, masu gyara kuwa sansa suke cewa. Kowace mace ta san moɗa a cikin randa: ruwa ya cika tana sama, ruwa ya ragu tana binsa ƙasa, in ya ƙare ta zauna a gindi. To, irin wannan 'yar moɗa ce a cikin tukunyar man inji. Muddin mai ya isa, tana bisa. Da mai ya sauka ƙasa da ƙima, sai ta sauko ta haɗa bakin waya da jikin inji. Wannan waya ita ce ke fitowa ta gefen inji, kusa da inda ake zuba mai, a injin Honda da yawancin masu kama da shi rawaya ce.

Yanzu 'yan makaranta ku matso, nan ne darasinku na kimiyya ya shigo gida. A 1831 wani Bature a Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa idan mayen ƙarfe ya gifta kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai taso a cikinta. Wannan shi ke tayar da injin markaɗenku ba tare da batir ba. Akwai mayen ƙarfe manne a jikin babbar ƙafar da igiya ke juyawa, duk zagaye sai ya gifta gaban kwayil, kwayil ya haifar da wuta, ya aika wa fulogi, fulogi ya yi tartsatsi, fetur ya kama. Daga jikin kwayil kuma akwai wata siririyar waya baƙa. In wannan baƙar waya ta taɓa jikin inji, wutar sai ta zurare ta nan, kamar yadda ruwan tsakar gida ke bin rariya, fulogi ya rasa ta, inji ya mutu. Makunnin da kike murɗawa ki kashe inji ba abin da yake yi sai wannan, haɗa baƙar waya da jiki. Mai gadin mai ma haka yake yi. Watau hannu biyu ne a kan ƙofa ɗaya, naki da nasa.

Tsakanin rawayar waya da baƙar akwai wani ɗan akwati da bai kai na ashana ba, an ɗaure shi a jikin inji. Amfaninsa shi ne, inji na aiki mai na tangaɗi, moɗa sai ta taɓa ta saki, ta taɓa ta saki. Ba don akwatin ba da inji sai ya yi ta shaƙuwa yana ci gaba da cin kansa. Shi kuwa da an taɓa sau ɗaya sai ya riƙe, ba ya saki sai inji ya tsaya. Abu huɗu ke nan: moɗa, akwati, makunni, kwayil. Wadda ta riƙe waɗannan ta gama fahimtar wayoyin.

In ya ƙi tashi

Kafin komai, a ɗaure mayafi ko hijabi tam, ko a tuɓe shi a sa ɗankwali. Bel ɗin injin markaɗe ba ya tambaya, kuma duk wadda ta zauna a unguwar masu niƙa ta ji labarin abin da gefen zane ke jawowa. A kashe makunni, a bar inji ya huce, a zare hular fulogi kafin hannu ya shiga kusa da abin da ke juyawa. Yara ƙanana su matsa.

Sa'an nan a fara da mai, kullum a fara da mai. Mafi yawan lokaci mai gadi gaskiya ya faɗa. Ki tabbata inji na zaune daidai, ki kwance murfin mai, ki goge sandar gejin da tsumma mai tsabta, ki mayar ba tare da kin murɗa ba, ki zaro ki duba. A irin waɗannan injuna cikar mai ita ce ya kawo bakin ramin da ake zubawa, har ya yi kamar zai zubo. In kin leƙa ba ki ga mai kusa ba, to, kin sami ciwon. Ki cika, ki ja igiya. A wasu janaretoci ma akwai 'yar fitila a gaba da ke ƙyaftawa lokacin da ake jan igiya in mai ne ya yi ƙasa.

Injin da ke tashi ya yi 'yan daƙiƙu ya mutu, sau da yawa mansa na kan iyaka ne. Yana tsaye moɗa na bisa da ƙyar, yana tashi cokali ya watsa mai ya bi bango, na ƙasa ya ragu, moɗa ta zauna. Haka kuma zaman inji. Katakon injin markaɗe yakan nutse ta gefe ɗaya, musamman da damina ko inda ruwan wanke-wanke ke jiƙa daɓe, sai mai ya tattaru can nesa da moɗa. Masu ban ruwa da ke ajiye inji a gangaren bakin ruwa sun san wannan. Dutse ko guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya yakan gama gyaran, ba a kashe ko kwabo ba.

To, in mai ya cika, zama ya daidaita, fetur akwai, kuma an buɗe famfonsa, amma har yanzu shiru? Nan ne za a binciki wayoyi, kuma bi da bi ake yi. Ko ba ke za ki taɓa ba, ki tsaya a kan mai gyara, ko ki sa ɗanki ko ɗiyarki su tsaya, a ga an bi wannan hanya.

Da farko a duba ko fulogi na ba da wuta. A kwance shi, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da ya fito da kuma inda fetur ya zuba, a kunna makunni, a ja igiya. In an ga tartsatsi shuɗi, mai gadi ba shi da laifi ko kaɗan, sai a koma wajen kafireto da mataci. Wannan kaɗai ya isa ya wanke sansa daga zargi mai yawa da ake ɗora mata. In babu tartsatsi, a gwada wani fulogin. In har yanzu babu, sai a raba rawayar waya a mahaɗinta, tsakanin moɗa da akwati. A zare, ba a yanke ba, gama an yi mahaɗin ne don ya zaru ya koma. In wuta ta dawo, to, ko moɗa ta maƙale a ƙasa, ko wayar ta goge ta fere tana taɓa jikin inji. In ba ta dawo ba, a raba baƙar wayar akwati. Ta dawo, akwati ne ya mutu, kuma sauya shi aikin 'yan mintoci ne, gama a waje yake. Ba ta dawo ba, a zare siririyar baƙar waya daga kwayil ɗungum. Aka ga wuta, makunni ne ko wayarsa. Ba a gani ba, kwayil ne. Amma fa wannan gwaji na ƙarshe da fulogi a waje ake yinsa, don in inji ya tashi a haka makunni ba zai kashe shi ba.

Launin waya yakan bambanta a wasu injuna, don haka ki bi ta da ido. Wadda ta fito daga cikin tukunyar mai ita ce ta moɗa, ko wane launi gare ta.

Makaniken kirki yana da mita, kuma mita ba ta son kai. A ɗora baki ɗaya a wayar moɗa, ɗaya a jikin inji. Mai na cike, bai kamata ta yi ƙara ba. An juye mai, ya kamata ta yi. In ta yi ƙara alhali mai na cike, moɗa ta maƙale a ƙasa. In an juye mai ta yi shiru, wannan shi ya fi muni, gama mai gadi ya yi barci, inji kuwa zai ci gaba da aiki lafiya lau ba wanda ya sani sai ranar da ya buga. Shi ya sa ranar juyen mai ita ce ranar wannan gwaji, tun da dama tukunya ba komai. Kada dai a ce za a tayar da inji babu mai don a ga ko zai kashe kansa. Wannan ganganci ne.

Me ke maƙalar da moɗa? Dauɗa. Man da ya daɗe yakan yi kauri, ya tara laka da garin ƙarfe. Sau da yawa in aka ɗumama inji, aka juye tsohon mai, aka zuba sabo, sai ta saki. In ta ƙi, sai an buɗe murfin gefen inji an sauya ta, an sa sabon gasket. Wannan aikin babban makanike ne, kuma shi ya sa yaran gareji suka fi son zare waya, don buɗe inji wahala ne, zare waya kuwa daƙiƙa biyu. Ban ce duk mugunta ce ba. Wani tausayi ne ma, ya ga masu markaɗe sun taru yana so ya fid da ke kunya. Amma ki ce masa, "Malam, na gode, zarewar nan gwaji ce, yaushe za ka dawo mu gyara?" In dole ta sa a yi aikin ranar a haka, a cika mai, a naɗe bakin wayar da baƙin tef, a riƙa duba geji kafin kowane tashi, kuma kada mako ya zagayo ba a mayar ba. Kuɗin moɗa da ladan mai gyara ba su kama ƙafar kuɗin fistin da zobe da sanda da karanshaf ba, balle sabon inji.

Akwai kuma abin da mai gadi ba ya gani, kuma ina so ku riƙe wannan sosai. Yawan mai kaɗai yake aunawa, bai san kyansa ba. In aka kashe inji aka bar famfon fetur a buɗe, kuma allurar kafireto ba ta rufewa sosai, fetur yakan ɗiga ya gangara cikin tukunyar mai dare guda. Da safe ki duba geji ki ga mai ya cika har ya ƙaru, ki yi murna. Moɗa ma tana sama, ba ta ce komai ba. Alhali abin da ke ciki ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, ba ya riƙe ƙarfe. Mai ba ya haihuwa, 'yar'uwa. In ya ƙaru da kansa, ki shinshina sandar, ki murza ɗigo tsakanin yatsu. Kika ji warin fetur, a juye shi nan take, a gyara kafireto. Rufe famfon fetur bayan aiki ya zama miki kamar rufe ƙofar ɗaki da dare. Haka man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san asalinsa ba, shi ma moɗa za ta hau kansa ba ruwanta. Araha ba ta ado. A sayi na galan mai hatimi, irin lambar da littafin injin ya faɗa.

Littafin Honda ya ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko ko wata ɗaya, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, kuma a ƙara yawaita in wurin mai ƙura ne. Mu kuwa ƙura ai gida ta zo, ga ta hunturu ga garin niƙa. Mai markaɗen da ke aiki awa 5 kullum, kwana 20 ta cika awa 100. Janareton da ke kwana yana aiki awa 4, kwana 25. Ga aiki nan ga 'yan makaranta: a ware shafi ɗaya a bayan tsohon littafi, a rubuta wa Inna awowin kowace rana da ranar da aka juye mai. A garin da ke da Kwalejin Fasaha ta Gwamnati kamar Mashi, ba abin mamaki ba ne a ga yarinya riƙe da mita tana auna waya, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura ga mai son ci gaba.

Ba kowane inji ke da mai gadin nan ba. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa baƙin mai da fetur a tanki ɗaya ba shi da tukunyar mai, saboda haka ba shi da moɗa, kariyarsa kurum ita ce a auna haɗin daidai. Manyan injunan niƙa masu shan gas, yawancinsu ba sa kashe kansu, wasu dai suna da ɗan jan tsinke a sama da ke ɗagowa in mai na zagayawa, sai a sa ido a kansa. Cikin na markaɗe masu fetur ma akwai waɗanda aka ƙera ba moɗa, don su yi sauƙin kuɗi. In za a saya miki ranar kasuwa ko a Katsina, ki ce a duba ko waya ta fito daga gefen tukunyar mai, da ɗan akwatinta. In na hannu ne, a duba ko an yanke ta an tura ciki.

Tsohon mai kuwa a tara shi a galan a ba mai gyara. Kada a zuba kusa da rijiya, kada kuma a shafa a gyambo ko ƙaiƙayi kamar yadda wasu ke yi. Gwajin janareto da aikinsa duka a fili ake yi, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta sha kashe mutanen gida gaba ɗaya suna barci, don an shigar da shi zaure ko baranda saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama.

Sai zancen amare. Yanzu janareto yakan shiga cikin kayan ɗaki, ko ango ya saya sabo dal a kwali. Sabon inji ba ya zuwa da mai a cikinsa, a bushe ake ɗauko shi daga masana'anta. Daren farko a zuba fetur, abokan ango su yi ta jan igiya suna gumi, ya ƙi tashi, a ce an sayar musu da jabu, wani mai kaifin hannu ya ce bari ya zare wata waya. Injin lafiyarsa ƙalau, moɗarsa ce zaune a gindin randa tana jiran a zuba. In ke ce uwar amarya ko gwaggonta, ranar jere ki sa a haɗa galan ɗin baƙin mai da mazurari a kai tare da shi, ki kuma ja ta gefe ki nuna mata inda murfin yake. Sai mun sake saduwa.